Me ke sa ƙwan maciji ya ruɓe kafin ya ƙyanƙyashe? Tambayoyi da amsoshi

Kiwon maciji a gida ba al'adarmu ba ce, amma ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a Turai da Amurka ɗan yankinmu ne. Ƙaramar mesa ce, wadda masana ke kira Python regius, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Ana samunta a Ghana, Togo, Benin, Najeriya da maƙwabtansu, kuma daga ƙasashe ukun farko ne aka fi fitar da ita waje, bayan an ƙyanƙyashe ƙwayayenta a gonakin kiwo. Da ita za mu yi misali a yawancin amsoshin nan, domin ma'aikatan gidan zoo, ɗalibai, da duk wanda ƙwan maciji ya faɗo hannunsa.

Ba kamar ƙwan kaza ba ne? Me ya bambanta su?

Daga nan mafi yawan asara take farawa. Ƙwan kaza ɓawonsa busasshe ne mai tauri, ruwan da ɗan tsako zai buƙata duk yana ciki tun ranar da aka saka shi. Ƙwan maciji kuwa ɓawonsa fata ce mai laushi, in ka danna a hankali za ta lotsa ta dawo. Ta wannan fatar yake shan danshi daga inda yake kwance, ta nan kuma yake rasa shi in wurin ya bushe. Ta nan iska take shiga, ta nan take fita. Shi ya sa ƙwai mai lafiya yakan ɗan ƙara girma da nauyi a makonnin farko.

Wani bambancin kuma: lokacin da macijiya ta saka ƙwai, ɗan da ke ciki ya riga ya fara halitta tun yana cikin uwarsa. Ƙwan kaza ana iya ajiye shi mako guda a kwando kafin a sa wa kaza ta kwanta. Na maciji ba ya jira. Daga sa'ar da ya fito, abu mai rai ne da ke buƙatar ɗumi da danshi, kuma yini ɗaya a busasshen wuri na iya gama da shi.

Ina da injin ƙyanƙyasar kaji. Zan iya amfani da shi?

Yadda yake a saite, a'a. Injin kaji yana aiki ne a kan digiri 37.5, yana juya ƙwai sau da yawa a yini, fankarsa kuma tana busar da iska. Kowanne daga cikin ukun nan shi kaɗai ya isa ya lalata ƙwan maciji. In dole sai da shi, a cire abin juyawar, a sauke zafin, a sa ƙwayayen cikin roba mai murfi yadda iskar fanka ba za ta taɓa su ba, sannan a bar injin ya yi kwanaki yana aiki babu ƙwai, ana duba ma'aunin zafi safe, rana da dare.

Tun ranar farko wasu ƙwayayen ba su yi kama da 'yan'uwansu ba. Laifina ne?

Ba laifinka ba ne. Ƙwai mai ɗa fari ne, cikakke, in ya bushe ɓawonsa kamar fatar da aka jeme. Wanda ba shi da ɗa yawanci ƙarami ne, rawaya-rawaya, yana ƙyalli kamar an shafa masa kakin zuma, kuma ya fi sauran tauri. Wannan baragurbi ne tun daga ciki, babu injin da zai raya shi. Cikin kwanaki zai fara wari. Ana samun haka in barbarar ba ta kama ba, ko namijin bai isa ba, ko an bar shi cikin zafi mai yawa a lokacin barbara, ko macen ta yi ƙanƙanta.

Sai dai maciji yana da abin mamaki ta wannan fannin. Mace tana iya adana maniyyin namiji a jikinta tsawon lokaci, kuma an tabbatar ƙaramar mesa takan yi ƙwai mai ɗa ba tare da namiji ba, ko da yake ba kasafai ba. A shekarar 2020, wata da ke gidan zoo na birnin St. Louis a Amurka, mai kimanin shekara 62, ta saka ƙwai bakwai bayan ta shafe fiye da shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba. Saboda haka kada a zubar da farin ƙwai mai kyan gani don kawai "ai ba ta ga namiji ba". A haska shi tukuna.

Yaya ake haska shi?

Kamar dai yadda masu kaji suke yi. A kashe fitilar ɗaki, a ɗora bakin ƙaramar tocila a jikin ƙwan, ba tare da an ɗaga shi ba. Mai rai zai yi ja-ja ko ruwan hoda, ka ga jijiyoyin jini sun yi rassa. Marar ɗa zai yi rawaya fayau, babu ko zare ɗaya. In ba ka ga komai ba a ranar farko, ka ba shi mako guda ka sake dubawa. Tocilar ta zama marar zafi, kuma kada haskawar ta zama sana'ar kullum. Sau biyu ko uku a duk tsawon lokacin ya wadatar.

Funfuna ta fito a jikin ƙwai. Ita ce ke kashe shi?

Galibi ba ita ba ce. Mutane suna ganin funfuna su ɗora mata laifi, alhali ita gawa ta tarar. Ƙwai mai rai yana da ƙarfin kare kansa, har za ka ga lafiyayye manne da ruɓaɓɓe tsawon makonni bai kamu ba. Idan funfuna ta lulluɓe ƙwai gaba ɗaya, launinsa ya koma kore, shuɗi ko toka-toka, ya yi yauƙi, yana wari, to ya mutu tun kwanaki kafin ka lura, kuma abin da ya kamata ka bincika shi ne me ya kashe shi: zafi, ruwa, ko rashin iska.

Akwai kuma ɗan tabon funfuna a jikin ƙwai mai jijiyoyi. Wannan yakan fito ne inda ruwa ke ɗiga, ko inda ƙazantar uwa ta manne, ko inda ɓawon ya yi sirara har kana hango ciki kamar ta taga. A goge shi a hankali da busasshiyar auduga, a gyara abin da ya jawo jiƙewar. Masu kiwo da yawa suna barbaɗa 'yar hodar maganin ƙaiƙayin ƙafa a kan tabon kaɗai. Kada a wanke ƙwai da ruwa, balle sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta na wanke ɗaki, domin duk abin da ya taɓa fatar nan yana iya ratsawa ciki.

Ƙa'idar da na fi yarda da ita ita ce hanci. Ƙwai yana iya munana, ya yi tabo, ya lotse, ya yi ruwan ƙasa, kuma ɗa ya fito daga cikinsa lafiya lau. Wanda ya mutu kuwa warinsa ba ya ɓuya. In bai yi wari ba, a bar shi.

Zafi nawa ake buƙata?

Ya danganta da irin macijin. Ƙaramar mesa tana son digiri 31 zuwa 32, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 55 zuwa 60. Macijin masara na Amurka, wanda shi ma ake yawan kiwonsa, ya fi son 27 zuwa 28, ya ɗauki kimanin wata biyu.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne zafi da sanyi ba daidai suke cutarwa ba. In zafin ya ɗan sauka, ɗan yakan rage saurin girma ne, ƙyanƙyasar ta ƙara kwanaki. In ya hau, daga 34 zuwa sama, ɗan ƙaramar mesa yana cikin hatsari, kuma 'yan sa'o'i a irin zafin injin kaji na iya kashe shi. Wanda ya tsira ma yakan fito da karkataccen ƙashin baya ko wata naƙasa. Mugun abin shi ne ƙwan da zafi ya kashe yau ba zai nuna ba sai bayan kwana huɗu ko mako guda, lokacin ka manta da ranar da ɗakin ya yi zafi.

Nan ne shawarar da ake karantawa a intanet take iya yaudarar mutumin Kano, Sakkwato ko Maraɗi. Masu rubuta ta suna ƙasashen sanyi, damuwarsu yadda za su ɗumama akwati. Mu a watannin Maris zuwa Mayu, wanda kuma shi ne lokacin da ƙwan ƙaramar mesa ke kwance a dajin Afirka ta Yamma, zafin rana yana kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya wuce haka. Injin ƙyanƙyasa na yau da kullum ɗumamawa kawai ya iya. In ɗakin ya kai 38, cikin injin ma zai kai 38, ko da ka saita shi a 31. Don haka a nemi ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan, irin wanda ake ajiye randa, a ajiye akwatin a ƙasa nesa da taga da bangon da rana ke duka. A daji ma ai ba a fili uwar take sakawa ba, ramin ɓera ko gafiya take nema, ko tsohon suri, inda zafin rana ba ya isa kuma danshi ba ya ƙarewa.

Sai kuma wurin auna zafin. Bakin ma'aunin ya kasance cikin robar, dab da ƙwayayen. A makonni biyu ko uku na ƙarshe ƙwayayen da kansu suna fitar da ɗumi, har cikin robar ya ɗara wajenta da digiri ɗaya ko fiye. Kuma a yi amfani da ma'auni biyu, don mai araha yakan yi ƙarya.

In aka ɗauke wuta fa?

Kada ka buɗe akwatin. A jera robobin ruwa cikakku, a rufe, a ƙasan akwatin tun farko. Ruwa yana riƙe ɗumi ya sake shi a hankali, kuma yana hana zafi hawa da sauri, ka ga amfani biyu ke nan. Babbar kula mai kaurin bango da robobin ruwa a ciki tana iya riƙe zafinta sa'o'i da dama. Abin da ya fi ɗauke wuta hatsari shi ne abin ɗumamawa da aka jona kai tsaye ba tare da na'urar daidaita zafi ba, ko kuma mutum ya ruɗe ya kai akwatin rana ko kusa da murhu.

Wasu ƙwayayen sun lotse, wasu kuma sun kumbura. Wanne ne matsala?

Sai an duba kwana nawa suka yi. Lotsewa a makonnin farko alamar ƙishi ce, wato danshi ya yi kaɗan. A zuba ɗan ruwa mai ɗumi ta gefen robar, nesa da ƙwai, a toshe wasu daga cikin hujojin iska, a jira kwana biyu ko uku. Yawanci sukan ciko. Amma lotsewa a makonni biyun ƙarshe al'ada ce ga ƙwan mesa. Nan ne mai sabon hannu yake firgita ya antaya ruwa, ya kashe 'ya'yan da saura kwana goma su fito.

Ruwa mai yawa ya fi ƙarancinsa ɓarna, don gyaransa ya fi wuya. Ƙwan da ke zaune a jiƙaƙƙen wuri zai sha har ya yi tamtsam kamar zai fashe, wani lokaci ya tsage yana tsatstsafo da ruwa, ƙasansa ya yi tabo. Ruwan da ya lulluɓe fatar kuma yana toshe hanyar numfashi. Abin da ake so shi ne iskar cikin robar ta cika da danshi, kashi 90 cikin 100 ko fiye, amma jikin ƙwan ya kasance a bushe.

Ana shimfiɗa wa ƙwayayen bamikulat, wani ma'adini ne marar nauyi mai riƙe ruwa da masu rainon tsirrai ke amfani da shi, ko falayit, fararen tsakuwoyi marasa nauyi. Ana haɗa bamikulat da ruwa daidai wa daida a kan sikeli, misali giram 500 da giram 500. A damƙa a hannu: ya dunƙule, amma kada ruwa ya ɗiga. Wasu ma ba sa bari ƙwai ya taɓa shimfiɗar, sai su ɗora shi a kan ragar roba, danshi na tasowa daga ƙasa. Ƙasar lambu, taki ko dusar katako ba su dace ba, suna zuwa da ƙwari da funfuna.

A kula da raɓar da ke taruwa a cikin murfi. Tana taruwa ne in murfin ya fi cikin robar sanyi, sai ta riƙa ɗiga a wuri ɗaya a kan ƙwai har wurin ya ruɓe. A goge ta, ko a ɗan karkata robar yadda ɗigon zai gangara gefe. Lokacin hunturu kuwa akasin haka ne, bushewa ce matsalar: buɗe murfi na minti biyu ya isa iskar ta kwashe danshin.

Da gaske ne in aka juya ƙwan maciji ya mutu?

Maganar tana da tushe, ko da yake an ɗan zuzuta ta. Ba da daɗewa ba bayan an saka ƙwai, ɗan yakan manne a saman ɓawon daga ciki, gwaiduwa tana ƙarƙashinsa. In aka kife ƙwan, gwaiduwar ce za ta hau kansa. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan wani macijin ruwa na kudancin Faransa ya nuna ƙwayayen da aka juya sun ƙyanƙyashe kusan kamar sauran, amma 'ya'yan da suka fito daga cikinsu sun fi mutuwa daga baya nesa ba kusa ba. To a sa ɗan alama da fensir a saman kowane ƙwai kafin a ɗaga shi, a ajiye shi yadda aka same shi. In wani ya mirgina bisa kuskure, a mayar da alamar sama a ci gaba, ba a zubar ba.

Ƙwayayen sun manne da juna, ɗaya kuma ya ruɓe a tsakiya. In ɓamɓare shi?

Sukan manne ne cikin sa'o'in farko, kuma mannewar tana da amfani, tana hana su mirginawa, tana rage bushewa. In ruɓaɓɓen yana gefe kuma ya saki da sauƙi, a cire. In sai an ja da ƙarfi, a bar shi, domin yage fatar lafiyayyen ƙwai ya fi zama kusa da ruɓaɓɓe muni. Wasu sukan zuƙe ruwan cikin mataccen da sirinji don rage wari. Bayan an taɓa ƙwai ko maciji a wanke hannu da sabulu, saboda suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

Robar a rufe take ruf. Ba za su shaƙe ba?

A farko buƙatarsu ta iska kaɗan ce, buɗewa sau ɗaya a mako ya isa. A kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen lokacin buƙatar tana ƙaruwa ƙwarai, sai a riƙa buɗewa na ɗan lokaci kowane kwana biyu, daga baya kullum. Idan aka fasa ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba aka tarar da cikakken ɗa a mace, rashin iska, yawan ruwa da hawan zafi a ƙarshe su ne abubuwan da za a fara tuhuma. Cusa ƙwai da yawa a ƙaramar roba yana jawo biyu daga ciki a lokaci guda.

Ƙananan ƙudaje da tururuwa fa?

Ƙananan ƙudajen nan masu gudu a jikin roba warin mataccen ƙwai ne ke kiransu, tsutsotsinsu kuma suna iya shiga ƙwan da ɗa ya riga ya tsaga. A rufe hujojin iska da yanki na gidan sauro. Tururuwa da kiyashi kuwa a tare su tun daga ƙasa: a sa ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa. Kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi a ɗakin.

Me zai hana a bar wa uwar ta kwanta a kansu?

Babu abin da ya hana, in mesa ce. Yawancin macizai suna saka ƙwai su yi tafiyarsu, amma mesa takan yi gammo a kan nata har su ƙyanƙyashe, kusan wata biyu, mafi yawan lokaci ba ta cin komai. Wasu manyan mesoshin Asiya har karkarwa suke yi da tsokar jikinsu don su samar da ɗumi. Binciken da aka yi kan ƙaramar mesa a Togo ya nuna babban amfanin gammon nata shi ne hana ƙwan bushewa: waɗanda aka raba da uwa aka bari haka sun rasa ruwa, gwaiduwarsu ta daskare, 'ya'yan ba su iya shanye ta duka ba.

A ganina, wanda ba shi da tabbacin wuta kuma macijiyarsa tana da ƙiba da lafiya, gara ya bar mata. Nasa aikin shi ne ya tsare zafin ɗakin da danshinsa, ya ajiye mata ruwan sha, ya daina leƙe. Ramammiyar uwa ce bai kamata a ɗora mata wannan azumin ba.

Lafiyar ƙwai ma tun daga jikin uwar take farawa. Wadda ba ta ƙoshi ba kafin barbara takan yi ƙwai ƙanana ko masu siraran ɓawo. Ƙaramar mesa takan yi saɓa kimanin wata guda kafin ta saka, to daga ranar sai a tanadar mata ɓoyayyen wuri mai ɗan danshi. In ba ta samu ba tana iya riƙe ƙwan fiye da kima, ko ta zuba su a kwanon ruwa, ƙwan da ya kwana cikin ruwa kuwa da wuya ya yi rai.

Kwana 60 ya cika, shiru. In yanka ƙwan?

Lissafin kwanaki kintace ne, digiri ɗaya na sanyi yana iya ƙara kwanaki. Ɗan maciji yana da ɗan haƙori na musamman a bakinsa da yake tsaga ɓawon da shi. Bayan ya tsaga yakan leƙo da kai ya koma, ya yi yini ɗaya ko biyu a ciki yana shanye sauran gwaiduwa. Kada a jawo shi. Masu yanka ƙwai da wuri, don ɗokin ganin launin ɗan, sukan yanke jijiya ko su buɗe wa ƙuda ƙofa. In 'yan'uwansa duk sun tsaga da kwana biyu shi bai motsa ba, mai gwaninta zai iya yi masa 'yar tsaga a sama da ƙaramin almakashi, ya kauce wa jijiyoyi, ya mayar da shi roba ya fito da kansa.

Na tsinci ƙwayaye a gona, cikin tarin ciyawa. In kai gida in gwada?

A'a. Ba za ka iya gane irin maciji daga ƙwansa ba, har na damo da guza ma farare ne masu laushi. Kumurci da gamsheƙa ƙwai suke yi. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kai mutane asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, ita ma ƙwai take yi, kuma 'ya'yan waɗannan duka suna fitowa ne da dafinsu. Kasa ce ba za ka taɓa tsintar ƙwanta ba, don haihuwa take yi. In kuma na babbar mesa ne, uwar tana kusa, kuma ba ta wasa da mai taɓa mata ƙwai. Mesoshi suna cikin dabbobin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, wato CITES, ta sa wa ƙa'ida, ba a fitar da su ƙetare sai da izini. In ƙwayayen suna nesa da gida, a mayar da ciyawar yadda take a bar wurin. In suna cikin gida ko inda yara ke wasa, a nemi ma'aikatan gandun daji ko na gidan zoo mafi kusa su zo su kwashe.